Labarin Malam Stebbing, Wanda Ya Ji wa Ƙasarmu Tsoron Hamada

A cikin wannan ɗan littafi za mu ba ku labarin wani bature malami, sunansa Edward Percy Stebbing, wanda ya rasu tun 1960. Shi ba sarki ba ne, ba kuwa attajiri ba. Aikinsa duka a kan itatuwa ne, da ƙwarin da ke cin su, da ƙasar da suke tsirowa a kanta. Amma yana cikin mutane na fari da suka ɗaga murya a gaban manyan duniya a kan cewa Hamada tana barazana ga ƙasar Hausa, maganar da har wa yau ba a gama yinta ba. Ya faɗi gaskiya a wani wuri, ya yi kuskure a wani wuri. Mai hankali kuwa yakan sami riba daga duka biyu, domin wannan muka ga ya kamata ku san shi.

Ƙuruciyarsa da Aikinsa a Indiya

An haife shi a birnin Landan ran 4 ga Janairu, 1870. Da ya yi girma sai ya shiga makarantar Cooper's Hill, inda Ingila ke koyar da samarin da za ta aika Indiya domin aikin gina hanyoyi da tsaron daji. Babban malamin ilmin daji a wurin Bajamushe ne, sunansa Wilhelm Schlich, gama a zamanin nan Jamusawa sun fi kowa gwaninta a wannan fanni. Ku duba fa, tun daga farinsa ilmin nan bai san iyakar ƙasa ba: Bajamushe ya koya wa Baturen Ingila, shi kuwa ya tafi ya yi aiki da shi a Indiya, a shekara ta 1893.

A can ya zaɓi aikin da mutane da yawa za su rena. Sa'ad da abokansa suna lissafin katako da kuɗin da zai kawo, shi sai ya sunkuya yana ɓare ɓawon itace, yana duban ƙwaron da ke ciki. Akwai wani babban itace a Indiya da suke kira sal, wanda ake shimfiɗa katakonsa a ƙarƙashin ƙarfen jirgin ƙasa. Wani ƙwaro yakan sa ƙwai a jikinsa, tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta yi ta huda shi daga ciki, har ƙaton itace ya bushe a tsaye ba wanda ya sa masa gatari. Stebbing ya bi irin waɗannan ƙwari ɗaya ɗaya, ya san lokacin ƙwansu da lokacin fitarsu, ya rubuta. Daga 1900 zuwa 1910 shi ne mai binciken ƙwari da dabbobin daji na gwamnatin Indiya, ya kuma yi aiki a makarantar daji ta Dehra Dun, a gindin duwatsun Himalaya. A 1914 aka buga babban littafinsa a kan ƙwarin da ke ɓata itatuwan ƙasar.

Maharbi ne kuma, kamar yawancin turawan daji na lokacin. Amma da ya ga namun daji suna ƙarewa saboda yawan bindiga, sai a cikin wani littafi da ya fitar a 1920 ya roƙi a keɓe wurare inda ba za a yi harbi ba, domin dabbobi su sami mafaka su hayayyafa. Wannan hali ne mai kyau, mutum ya ga ɓarnar abin da shi kansa yake jin daɗinsa, ya nemi a sa masa iyaka.

Malami a Edinbara

A 1910 ya koma gida, ya zama malamin ilmin daji a Jami'ar Edinbara ta ƙasar Sikotilan. A 1920 aka naɗa shi shehun malami na wannan fanni, ya riƙe kujerar har 1951, yana da shekara 81 sa'an nan ya sauka. Ɗalibai da yawa da suka zauna a gabansa sun watsu cikin Afirka da Asiya suna aikin gandun daji. Tsakanin 1922 da 1926 ya rubuta tarihin dazuzzukan Indiya cikin manyan littattafai uku.

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Fari ya yi tsanani, bai ce shi malami ne, shekarunsa kuma sun wuce na soja ba. A 1916, yana da shekara 46, ya bi wata ƙungiyar likitoci mata na Sikotilan zuwa fagen yaƙin Sabiyawa a Makidoniya. Aikinsa shi ne kula da sufuri, watau ɗaukar kaya da alfarwai da abin da asibiti ke bukata. Shehun malami na gobe ya zama mai hidima a ƙarƙashin mata masu jiyya, bai kuwa ga wannan ƙasƙanci ba ne. A 1917 ya tafi Rasha domin duba dazuzzukanta, ya tarar da ƙasar tana cikin hargitsin juyin mulki, ya rubuta abin da idonsa ya gani.

Zuwansa Ƙasar Hausa

A 1934, yana da shekara 64, ya zo Afirka ta Yamma. Ya shigo arewacin Nijeriya cikin rani, ya zaga ƙasar Kano da ƙasashen bakin iyaka da mota, ya ƙetare zuwa ƙasar da Faransa ke mulki, wadda yau ita ce Nijar. Ku da kuka san rani kun san abin da ya tarar. Gonaki fayau, an kwashe kara, iska tana ɗibar rairayi. Ciyawa ta ƙone, shanu sun rame, makiyaya suna hawan itace suna sassaro ganye domin dabbobinsu. Ya ga sabon sassabe yana hayaƙi, ya ga gulabe sun zama yashi. Ya kuma ji labari daga bakin waɗansu ma'aikatan Faransa cewa dā akwai garuruwa da daji a wuraren da yanzu ba kowa.

Zuciyarsa ta ɓaci ƙwarai. Da ya koma, a watan Maris na 1935, ya tsaya a gaban babbar ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ya yi kashedi. A lissafinsa Hamada ta yi shekara 300 tana matsowa kudu, kimanin kilomita ɗaya kowace shekara, har yana ganin in ba a tashi tsaye ba, cikin shekara hamsin rairayi zai iya cim ma Kano. Ya ɗora laifin a kan sassabe da ƙunar daji da yawan kiwo da saran itatuwa. Maganin da ya kawo shi ne a keɓe dogayen ɗamarori na daji, masu faɗin mil da dama, su ratsa ƙasa har bakin Tafkin Chadi, a hana noma da wuta a cikinsu. Tun da yake ɗamarar za ta bi ta ƙasar Ingila da ta Faransa, ya nace lalle sai gwamnatocin biyu sun haɗa hannu.

Maganarsa ta sami kunnuwa a buɗe, gama a waɗannan shekaru guguwar ƙura tana cinye gonaki a tsakiyar Amurka, duniya duka tana jin tsoron zaizayar ƙasa.

Waɗanda Suka Bi Sawunsa

Gwamnatocin biyu suka naɗa hukuma ta haɗin gwiwa, turawan Ingila da na Faransa, domin su duba ko abin haka yake. A cikinsu akwai André Aubréville, masanin itatuwa na Faransa, da Brynmor Jones, masanin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa daga Nijeriya. Daga Disamba 1936 zuwa Fabrairu 1937 suka bi ƙasashen iyaka, hagu da dama, tsakanin Yamai da Tafkin Chadi.

Abin da suka samu ya bambanta da na Stebbing. Tuddan rairayin da ya ji tsoro tsofaffi ne tun zamanin dā, ciyawa da itatuwa sun ɗaure su, ba tafiya suke yi ba. Ruwan sama yana hawa yana sauka ne daga shekara zuwa shekara, ba su ga alamar yana ƙarewa ba. A wurare da yawa ma sun tarar da ƙananan itatuwa suna tasowa, mutane kuma suna matsawa arewa suna kafa gonaki tun da yaƙe-yaƙe suka kwanta. Amma ba su ce kome lafiya ba. Sun yarda sassabe marar ƙa'ida yana cin daji, sun ba da shawara a keɓe gandaye.

Stebbing bai bar maganarsa ba, amma ya gyara ta. A cikin abin da ya rubuta a 1938 ya fi ba da ƙarfi ga hamadar da mutum ke yi da hannunsa, watau ƙasa ta lalace a inda take saboda mugun riƙo, ko da rairayin arewa bai motsa ba. A 1949 Aubréville, wanda ya musanta tafiyar Hamada, ya yi rubutu a kan wannan lalacewar ƙasa, kalmar da ya yi amfani da ita kuwa ita ce ta bazu cikin harsunan turawa. Stebbing ya ci gaba da bin al'amarin har tsufa. A 1953, yana da shekara 83, aka buga masa littafi a Khartum a kan hamada a ƙasar Sudan. Ya rasu ran 21 ga Maris, 1960, yana da shekara 90, watanni kaɗan kafin Nijar da Nijeriya su sami mulkin kai.

Abin da Zamani Ya Nuna

Bayan rasuwarsa fari mai tsanani ya sauko wa ƙasashen bakin Hamada daga 1968 zuwa 1974, ya kuma komo a 1983 da 1984. Dabbobi suka mutu ba iyaka, mutane suka bar gidajensu. Sai aka tuna da kashedin tsohon malamin. A 1977 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taro a Nairobi a kan kwararowar hamada, a 1994 kuma ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a Paris domin yaƙi da ita.

Duk da haka shekara hamsin ɗin ta cika a 1985, Kano kuwa tana nan, ta ma ƙara girma. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya yi shekaru yana bin gonakin kewayen Kano, ya nuna cewa inda mutane suka fi yawa, a nan manomi ya fi tsaron kuka da ɗorawa da tsamiya, yana kai taki, yana riƙon ƙasarsa da kyau. Hotunan da aka ɗauka daga tauraron ɗan'adam tsakanin 1980 da 1990 sun nuna bakin Hamada yana matsowa kudu a shekarar fari, yana komawa arewa a shekarar ruwa. Masana kuma suka gane cewa babban dalilin farin nan yana da nasaba da sauyin zafin ruwan teku, abin da gatarin manomi bai isa ya jawo ba.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa. Zaton cewa manomi shi ne maƙiyin itace ya haifi dokoki masu tsanani. A ƙasashen Faransa dokar daji ta 1935 ta sa itatuwa da yawa a ƙarƙashin ikon gwamnati, mutum ya sare reshe a gonarsa a ci shi tara. Me ya biyo baya? Manomi ya ga itacen da ya tsiro a gonarsa ba nasa ba ne, wahala ce kawai zai jawo masa, sai ya riƙa tumɓuke shi tun yana ƙarami. Dokar da aka yi domin tsaron itace ta zama sanadin ƙarewarsa.

Juyin ya zo daga Maraɗi. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, wanda dashen itatuwansa ke ta mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace bazara toho ne na tsofaffin kututture, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba a bukatar dashe. Manomi ya zaɓi toho mafi ƙarfi a kan kututture, ya rage sauran, ya tsare shi daga awaki, cikin 'yan shekaru ya zama itace. Tsohon sani ne na manoma aka farfaɗo da shi. Da hukuma ta sassauta, mutane suka tabbata itacen nasu ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona a ƙasar Maraɗi da Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200. Da yawa a cikinsu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ya yi ganye da rani, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne.

Ɗamarar dajin da Stebbing ya yi mafarki ita ma ta komo. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, a 2015 Nijeriya ta kafa hukumarta, Jihar Kebbi kuwa tana cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. Masu shirin su ma sun koyi cewa layin itatuwa da aka dasa a inda ba mai shi ba ya daɗewa, sun karkata zuwa ga gyaran gonaki da makiyaya tare da masu su.

Abin da Za Mu Koya

Na fari, kada mu rena ƙaramin aiki. Mutumin da sunansa ya kai gaban gwamnatoci ya soma ne da duban tsutsa a cikin ɓawo. Ya kai ɗan makaranta, in an sa ka auna ruwan sama kowace safiya ka rubuta, ko ka ƙidaya itatuwan gonar mahaifinka, ka yi shi da aminci, kada ka cika takarda da abin da ba ka gani ba. Irin waɗannan ƙananan rubuce-rubuce ne suka raba gardamar manyan malamai.

Na biyu, mu yi hankali da gaggawar yanke hukunci. Stebbing ya zo da kyakkyawar niyya da ilmi mai yawa, amma ya ga ƙasarmu cikin rani kaɗai, yana wucewa da mota. Da ya komo a watan Agusta, da ya ga jigawan nan sun rufe da gero da dawa. Da ya zauna a gindin gawo ya tambayi tsohon manomi dalilin da ya bar wannan ya sare wancan, da ya ji abin da ba a koyarwa a Edinbara. Haka yake a tsakaninmu. Sau nawa mukan ga maƙwabci rana ɗaya cikin wahalarsa, mu yanke masa hukuncin dukan ransa? Wanda ya yi karatu kuwa ya fi kowa bukatar wannan gargaɗi, gama maganarsa tana da nauyi, in ta karkace talaka ne ke ɗaukar kayan.

Na uku, mu koyi yadda ake gyara da yadda ake karɓar gyara. Waɗanda suka yi shakkar maganarsa ba su zauna suna zaginsa ba. Sun tashi sun bi ƙasar wata uku, suka faɗi inda ya kuskure, suka kuma tabbatar da inda ya yi daidai. Shi ma bai yi fushi ya jefar da aikin ba, ya gyara kalmominsa ya ci gaba har tsufa. Gardama irin wannan tana ƙara haske, ba ta raba zumunci.

Na huɗu, kuskurensa bai wanke mu ba. Hamada ba ta tafiya kamar rundunar yaƙi, amma mutum yana iya kiranta zuwa gonarsa. Wanda ya sare kirya da marke domin gawayi bai bar toho ba, wanda ya share bakin gulbi har gaɓa ta riƙa zubewa cikin ruwa, wanda ya sa wuta a daji domin ɓera ɗaya, duk suna cin rabon jikokinsu ne. Ƙasa amana ce a hannunmu. Mun tarar da giginya da kuka waɗanda ba mu dasa ba, ba daidai ba ne mu bar wa na baya fili fayau.

Na biyar, maƙwabta su haɗa kai, a nan kuwa Stebbing ya ga gaskiya tun da wuri. Ku dubi ruwan da ke wucewa ta Augie. Wani sashinsa ya taso daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar ya bi ta Maraɗi, ya komo Nijeriya ya faɗa Rima, ya gamu da Gulbin Sakkwato, sa'an nan ya gangaro mana, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi zuwa Kwara. Abin da aka yi a sama, mai shinkafa da masunci na ƙasa ne ke jinsa, kamar yadda aka gani sa'ad da madatsar Bakolori ta 1978 ta rage ambaliyar da fadamun ƙasa da ita suka saba samu. Domin wannan Nijeriya da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1971, suka kuma yi yarjejeniya a Maiduguri a 1990 a kan rabon ruwan gulaben da suka haɗa su. Mu Kabawa ba baƙin wannan darasi ba ne. A shekarar nan ta 1934 da Stebbing ke zagawa, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama a Argungu bayan tsohuwar gaba, aka yi masa su a gulbi, daga nan bikin kamun kifi ya samo asalinsa na yanzu. In sarakuna sun iya ajiye gabar kakanni a bakin ruwa, manomi da makiyayi ma suna iya zama su shirya a kan burtali da mashaya da ganyen gawo.

Saboda haka, ya kai mai gona, bazara mai zuwa in ka ɗauki gatari za ka sassabe, ka tsaya a kan kowane kututture tukuna. In ka ga toho na gawo ko kalgo ko sabara ko aduwa, ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi ka bar su, ka gyara musu rassa, ka faɗa wa yaranka da maƙwabcinka dalili. Allah ya ba mu idon lura da zuciyar karɓar gyara, ya kuma sa mu miƙa ƙasar nan ga 'ya'yanmu da inuwa a kanta.